Tsamin ruwan teku: me ya haɗa shi da Tabkin Madarunfa da kifin kasuwar Maraɗi?

A watan Satumba na 2025, cibiyar binciken yanayi ta Potsdam da ke ƙasar Jamus ta fitar da rahotonta kan lafiyar duniya, inda ta bayyana cewa tsamin ruwan teku ya ƙetare iyakar da masana ke ɗauka a matsayin wadda babu haɗari a cikinta. Iyakoki 9 ne masanan suka shata, waɗanda suka shafi yanayi da ruwa da dazuzzuka da sauran ginshiƙan rayuwa, kuma wannan ita ce ta 7 da aka ƙetare.

Ga mazaunin Madarunfa ko Maraɗi, labari ne mai kama da na wata duniya. Jamhuriyar Nijar ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, kuma daga bakin Tabkin Madarunfa zuwa gaɓa mafi kusa, a kudancin Najeriya, akwai sama da kilomita 800. Masuncin da ke jefa birginsa da asuba yana da damuwar da ta fi wannan kusa: yashin da ke cike tabkin, da kifin da ke ƙara ƙanƙancewa, da tsadar zaren kalli.

Amma teku ya fi kusa da jihar Maraɗi fiye da yadda taswira ke nunawa. Ruwan saman da ke cika Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi, daga tekun Atlantika iskar damina ke ɗauko shi, ta mashigin Gine. Kifin ƙanƙara da manyan motoci ke saukewa katan-katan, shinshar da sardin da ake soyawa a bakin titi da dare, daga teku aka kamo shi. Hatta kalmar kuɗi, asalinta jam'in wuri ce, wuri kuwa ɓawon wata ƴar halittar teku ne da fatake suka riƙa kawowa tun daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano a farkon 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da dala ɗaya ta azurfa. Ɓawon da kakanni suka yi ciniki da shi, shi ne irin ɓawon da wannan tsami ke barazana gare shi a yau.

Ruwa ba ya tsami banza

Tushen al'amarin iska ce, wadda masana ke rubutawa CO2, waɗanda suka yi lakwal kuma suka san ta da sunan gaz karbonik. Ita ce ke fita idan an ƙona man fetur ko gazuwal ko kwal ko gas ko itace, kuma ita ce ke fita daga hancin mutum idan ya yi numfashi. Kafin zamanin masana'antu, wajen shekarar 1750, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska akwai kashi 280 na CO2. A 1958, lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, adadin ya kai wajen 315. Yanzu ya haura 420. A kowace shekara, ƙona makamashi da sarrafa siminti na fitar da kimanin ton miliyar 37.

Ba dukan wannan iska ke tsayawa a sama ba. Itatuwa da ƙasa na shanye wani kashi, teku kuma na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu. An daɗe ana kallon haka a matsayin alheri, domin da teku bai shanye ba, da zafin da ake kuka da shi a watan Afirilu ya fi haka. Sai daga baya aka lura cewa teku ma yana biyan farashi. A 2003 ne wasu masana biyu a Amurka, Ken Caldeira da Michael Wickett, suka wallafa wani bincike a mujallar Nature wanda ya yaɗa sunan matsalar, sannan a 2005 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta fitar da rahoto na musamman a kanta.

Duk wanda ya taɓa shan lemun kwalba ya san abin da ke faruwa, ko da bai san sunansa ba. Kumfar da ke tashi idan an buɗe kwalbar, CO2 ce aka tura cikin ruwan da ƙarfi, kuma ɗan cizon da ake ji a harshe ba daga sukari yake ba: iskar ce ta haɗu da ruwa ta zama asid mai rauni. Haka take yi a teku, a hankali, dare da rana, a kan faɗin da ya kai kashi 70 cikin 100 na doron duniya.

Ana auna tsami da wani ma'auni mai suna pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa yana kan 7. Duk abin da ke ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami: ruwan lemun tsami na wajen 2, jiƙon tsamiya na wajen 3. Abin da ke sama da 7 yana ɓangaren kanwa, kuma jiƙon kanwa na iya kaiwa 10 ko fiye. Ruwan saman teku yana wajen 8.2 kafin zamanin masana'antu, yanzu ya sauko wajen 8.1.

A nan akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, teku bai koma ruwan tsamiya ba, kuma ba zai koma ba. Har yanzu yana ɓangaren kanwa, sai dai yana matsowa. Wanda ya ɗanɗana shi gishiri zai ji. Na biyu, saukowa daga 8.2 zuwa 8.1 ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda ido ke gani, domin ma'aunin ba ya tafiya kamar awon tiya. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Wannan ɗan gutsuren da aka sauko yana nufin ƙarin tsami na kusan kashi 30 cikin 100. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fi sani da GIEC a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya bayyana a rahotonsa na 2019 cewa idan aka ci gaba da fitar da hayaƙi ba tare da ragewa ba, ma'aunin zai ƙara sauka da kimanin 0.3 nan da ƙarshen wannan ƙarni. Ke nan tsamin zai ninka na yau.

Darasin tukunyar miya

Matan Maraɗi sun san maganin tsami tun kafin a ƙirƙiro pH. Idan miyar yakuwa ko ta tumatir ta yi tsami, ɗan gutsuren kanwa ake jefawa, sai ta yi kumfa ta lafa. Teku ma yana da tasa kanwar, wani sinadari da ake kira karbonat, wanda koguna ke wanko irinsa daga duwatsu tun fil azal. Duk lokacin da CO2 ta shiga ruwa ta saki tsami, wannan karbonat ne ke tare shi ya kashe kaifinsa. Matsalar ita ce a garin tarewar shi ma yana ƙarewa, kuma koguna na buƙatar dubban shekaru kafin su mayar da gurbin abin da aka cinye cikin shekaru 200.

Karbonat kuwa ba don kashe tsami kaɗai yake ba. Shi ne tubalin da halittu masu ɓawo ke gina gidajensu da shi. Suna haɗa shi da kalsiyom su samar da abin da ke cikin ɓawon ƙwai, da katantanwa, da ƙumba, da wuri, da murjani. Idan tubali ya yi ƙaranci, magini na iya ci gaba da gini, amma sai ya ninka wahala, kuma ƙarfin da zai sa wajen neman tubali ƙarfi ne da ya kamata ya tafi ga girma da haihuwa. Idan ƙarancin ya wuce wani matsayi, ginin da aka riga aka yi ma sai ya fara narkewa.

Yaro na iya gwada wannan a gida: ya sa ɓawon ƙwai a cikin kofin ruwan lemun tsami ko binegar, ya bar shi ya kwana. Zai ga ƙananan kumfa na tashi, washegari ɓawon ya yi laushi. Gwajin ya fi abin da ke faruwa a teku tsanani nesa ba kusa ba, amma hanyar ɗaya ce.

Masu shakka ba su daɗe suna jira ba. A shekarun 2007 da 2008, a wata cibiyar ƙyanƙyasar kawa, wato ƙumbar teku da ake ci, mai suna Whiskey Creek a jihar Oregon ta Amurka, ƴaƴan kawa suka riƙa mutuwa miliyoyi tun ba su cika kwanaki ba. Da farko an zargi wata ƙwayar cuta, aka kashe kuɗi wajen tace ruwa, mutuwa ba ta tsaya ba. Daga bisani aka gano cewa ranakun da aka fi yin asara su ne ranakun da iska ke taso da ruwan ƙarƙashin teku, mai yawan CO2, zuwa gaɓa. Ɗan kawa yana gina ɓawonsa na farko ne cikin kwana biyu da ƙyanƙyasa, kuma idan ya rasa wannan dama shi ke nan. Maganin da masu cibiyar suka samu zai ba uwargida dariya: suna auna ruwan kafin su ja shi, su zuba masa sodiyom karbonat, sinadarin da ke cikin kanwa. Dabarar ta ceci sana'arsu. Sai dai abin da ya yiwu a cikin kwandon kiwo ba zai yiwu a faɗin Atlantika ba.

A kusa da tsibirin Iskiya na ƙasar Italiya kuma, akwai wurin da CO2 ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin teku saboda dutse mai aman wuta. Masana sun mai da wurin madubin gobe. Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa a inda ma'aunin ya sauko wajen 7.8, yawan nau'o'in halittu ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Masu ɓawo sun ja baya, katantanwar da ta rage ɓawonta ya zaizaye, ciyawar ruwa kuwa ta yi kore shar ta mamaye wurin. Wato ba komai ke mutuwa ba. Wasu ma riba suke ci. Amma tekun da ya cika da ciyawa ya rasa masu ɓawo ba tekun da masunta suka sani ba ne.

Murjani na da matsayi na daban. Abin wuyan da tsofaffi ke ajiye wa amare, ƙashin wasu ƙananan halittu ne da ke zaune a tare suna gini a kan ginin iyayensu. Danginsu na ruwan ɗumi sun gina tuddai a ƙarƙashin teku waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku na dogara da su don mafaka da abinci. Zafin ruwa ne ya fi kashe su cikin gaggawa, tsami kuma ya hana su sake gini da wuri bayan sun sha wuya. Rahoton GIEC na 2018 ya yi hasashen cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, za a yi asarar kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na waɗannan tuddai, idan ta kai digiri 2 kuwa, fiye da kashi 99.

Kifi fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mai sayen kifi, kuma amsarta ba ta miƙe kamar ta masu ɓawo ba. Babban kifi na da hanyar daidaita tsamin jininsa ta hanyar matatar numfashinsa, don haka ɗan canjin ruwa ba ya kayar da shi. Rauni yana wajen ƙwai da ƴan tsaki, da kuma wajen abinci. Sardin da danginsa suna rayuwa ne a kan ƙananan halittun da ke yawo a saman ruwa, waɗanda ido ba ya ganin yawancinsu, kuma wasu daga cikinsu masu ɓawo ne. Akwai wata ƴar katantanwa mai iyo, ba ta wuce ƙwayar dawa ko ta wake ba, wadda Turawa ke wa laƙabi da malam-buɗe-littafin teku. A 2012 an wallafa binciken da ya gano ɓawonta na narkewa tana raye a tekun da ke kewaye da Antaktika, daga baya aka ga irin haka a gaɓar yammacin Amurka. Kifaye da dama da ita suke cika ciki.

Ya dace a faɗi cewa ba duk abin da aka yayata ne ya tabbata ba. Daga wajen 2009 an yi ta buga labarin cewa tsamin ruwa na ruɗa ƙananan kifayen murjani har su daina jin warin maƙiyinsu. A 2020 wasu masana suka maimaita gwaje-gwajen na tsawon shekaru uku, suka wallafa a mujallar Nature cewa ba su ga wannan ruɗewa ba. Muhawarar ta yi zafi a tsakanin masu binciken. Abin da babu jayayya a kansa shi ne lissafin sinadaran kansa, domin wannan aunawa ake yi. A arewacin tsibiran Kanari, a gefen Afirka ta Yamma, akwai tashar da ke ɗibar ruwa tun tsakiyar shekarun 1990, kuma layin da take zanawa bai daina gangarowa ba, daidai da na tashoshin Hawai da Bamuda.

Gaɓar Muritaniya da Senegal na daga cikin wurare mafi albarkar kifi a duniya, kuma daga can ake kamo wani ɓangare mai yawa na kifin ƙanƙara da ake ci a Afirka ta Yamma. Sirrin albarkar shi ne iska na tura ruwan sama zuwa cikin teku, ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa. Irin wannan tasowar ce ta kashe ƴaƴan kawa a Oregon. Ruwan ƙasa dama ya fi na sama yawan CO2 da ƙarancin iskar shaƙa, don haka irin waɗannan gaɓoɓi suna fara tseren ne daga kusa da iyaka. A kudu da Dakar, a yankin Salum, dubban mata na rayuwa da tsintar kawa da ƙumba a cikin itatuwan bakin ruwa. Su ne sahun gaba.

Duk da haka, wanda ya ce tsamin teku ne ya sa kifi ya yi tsada a kasuwar Maraɗi a bana ya yi gaggawa. Dalilan yau sun fi haka bayyana. Tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina Faso, kuma motar sanyi ba ta tafiya kyauta. A can teku kuma manyan jiragen ƙasashen waje na kwasar kifi fiye da ƙima, ga masana'antun garin kifi da suka yawaita a Nuwadibu, inda ake niƙa kilo 4 zuwa 5 na kifin da talaka ke ci don a samu kilo ɗaya na abincin dabbobi da na kifin kiwo a Turai da Asiya. Wani rahoto na ƙungiyar Greenpeace da abokiyar aikinta a 2021 ya ƙiyasta cewa sama da ton dubu 500 ake kwashewa kowace shekara daga gaɓar yankin don wannan sana'a. Tsami wani kaya ne da ake ɗora wa jakin da ya riga ya durƙusa.

Abin da ke damun tabkin gida

Tabkin Madarunfa shi ne ruwa mafi girma a jihar Maraɗi da ba ya ƙafewa. A watan Disamba na 2019 aka sanya shi, tare da Tabkin Gidimuni na jihar Damagaram, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, da faɗin hekta 524. Tun 2006 kuma Nijar ta gabatar da shi ga UNESCO a jerin wuraren da take neman a amince da su, haɗe da gandun dajin da ke kusa da kuma kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta. Karfasa da tarwaɗa da ake kamowa a cikinsa suna ciyar da gidaje da yawa, daga masunci zuwa mai soyawa, ga masu lambu da makiyaya da ke shan ruwansa.

Shin shi ma yana tsami? Tabki mara zurfi kamar wannan yana bin wata doka ce daban. Da rana, gansakuka da ciyawar ruwa na shanye CO2 su saki iskar shaƙa, sai ma'aunin pH ya hau. Da dare aikin ya juye: kowace halitta na numfashi, CO2 ta taru, ma'aunin ya sauko, iskar shaƙa ta ragu. A irin wannan ruwa, bambancin la'asar da asuba na iya zarce duk canjin da teku ya gani cikin shekaru 200, kuma karfasa da tarwaɗa sun saba da haka. Masu kiwon kifi na cewa tsakanin 6.5 da 9 kifi na girma lafiya. Saboda haka ƙarin CO2 na sama ba shi ne babban abokin gabar tabkin ba. Abin da ke sa a ga kifi na hamma a saman ruwa da sassafe a lokacin zafi, yawanci ƙarancin iskar shaƙa ne, wanda ke tsananta idan ruwa ya ja baya ya yi ɗumi, ko taki da ƙazanta suka gangaro suka sa gansakuka ta yi yawa.

Ciwon tabkin na fili ne. Gonakin da aka share har bakin ruwa da itatuwan da aka sare sun bar ƙasa tsirara, kowace damina koramu na zubo yashi, zurfi na raguwa. Tabkin da ya rasa zurfi ya fi saurin ɗumi da ƙafewa. Sannan akwai batun gulbi. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya shigo ta Nyelwa, ya wuce Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina wajen 1990, yawan ruwa da lokacin zuwansa sun canza. A watan Yuli na wannan shekara ta 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, kuma wannan gulbi na cikin waɗanda aka ambata. Manoman fadama sun fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin takarda da ruwa.

Inda labaran biyu suka haɗu shi ne a tushe da kuma a faranti. Iskar da ke tsamar da teku ita ce ke ƙara zafin da ke shanye tabkin, kuma ita ce ke taimakawa wajen sa damina ta riƙa zuwa da ruwa mai ƙarfi a lokaci ɗaya, irin wanda ke yanko gona ya kai ta cikin tabki. A faranti kuwa lissafin mai sauƙi ne: kifin da ake kamawa a kogin Kwara da Tabkin Cadi da Komadugu da tabkuna irin su Tabalak da Madarunfa bai isa bukatar birane ba, kifin teku ke cike giɓin. Duk ranar da na teku ya yi wuya, ido zai koma kan na gida, kuma matsin zai sauka kan kalli mai ƙananan idanu da ke kwashe har ƴan tsaki. Dokokin da jami'an ruwa da daji da sarakunan ruwa ke ƙoƙarin tsayarwa, na girman idon raga da hutun kamu da zuba sabon iri, za su fi wuyar bi a ranar da kilo ya ninka kuɗi.

Wa ya ɓata, wa zai biya

Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na CO2 da ake fitarwa daga makamashi a duniya. Ɗan Nijar ɗaya, a matsakaici, na fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na ton a shekara, Ba'amurke ɗaya kuwa wajen ton 14. Ko da an haɗa da kwal na Anu Araren da matatar SORAZ da bututun man Agadem, rabon Nijar a cikin wannan ɓarna bai taka kara ya karya ba. Wannan ne ya sa shawarar da ake yawan ba talakan Sahel, cewa ya rage hayaƙinsa don ya ceci teku, ba ta da nauyi. Murhu mai tattalin itace na da amfani, amma amfaninsa na gandun dajin Madarunfa ne da huhun mai girki.

A matakin duniya, batun na cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, a ƙarƙashin muradi na 14. Tun 2012 hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta buɗe wata cibiya a Monako da ke haɗa kan masu bincike da horar da masana, ciki har da na Afirka. Akwai kuma kamfanonin da ke gwada niƙa duwatsu su zuba a teku, wato dabarar kanwa a babban mataki, sai dai yawan dutsen da za a buƙata ya kai biliyoyin ton a kowace shekara, kuma har yanzu gwaji ne. Hanyar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce rage abin da ake fitarwa. Ko an daina yau, ruwan sama-sama zai fara daidaita cikin shekaru masu yawa, na can ƙasa kuwa sai bayan ƙarnuka.

Teku ya taɓa shiga irin wannan hali. Kimanin shekaru miliyan 56 da suka wuce, wata babbar fitar iskar kabon ta ɗumama duniya da digiri 5 ko fiye, kuma a cikin laka da aka haƙo daga ƙasan tekun Atlantika ana ganin inda farin ɓawo ya ɓace kwatsam, jar laka ta maye gurbinsa, bai dawo daidai ba sai bayan sama da shekaru dubu 100. Wancan karon fitar iskar ta ɗauki dubban shekaru. Ta yanzu ta fi ta sauri kusan sau goma.

Jim kaɗan kafin wancan zamani, a lissafin masana duwatsu, wani reshe na teku ya kwanta a kan yankin Adar har zuwa Sakkwato. Halittun da suka rayu a cikinsa sun mutu sun bar ɓawonsu ya taru ya zama farin dutse, wanda har yau yara ke tsintar katantanwa da ta daskare a cikinsa. Wannan dutse ne kamfanin siminti na Malbaza ke haƙa, haka ma na Kalambaina a Sakkwato. Idan aka gasa shi a tanda, kusan kashi 44 cikin 100 na nauyin tsantsarsa na tashi sama a matsayin CO2, kabon ɗin da waɗancan halittu suka kulle a ɓawonsu tun kafin a yi Sahara. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wannan iska teku zai sake shanyewa.